Yadda Na Kusa Kashe Kasuwar Kunun Matata

Ni ne mutumin da ya yi wa ma'aikatan lafiya ƙarya, har matata ta yi sati uku tana fita da kunu tana dawowa da shi gida ba wanda ya saya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ga furfurata ya zaci dattijon kirki ne ke ba shi labari. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun sau biyu na yi shi, kuma a karo na biyun ma ba da daɗi muka rabu da malamin ba.

Tushen abin tun neman aure ne. Lokacin ba ni da komai sai baki da keken aro. Wata rana ina tsaye a ƙofar gidansu na rasa abin da zan faɗa, sai na ce mata in ta aure ni, ba zan ƙara cin abin da hannun wata mace ya dafa ba, in ban da na mahaifiyata. Ni a raina magana ce irin ta samari, wadda ake faɗa a manta kafin a kai gida. Ita kuwa ta shiga ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa unguwar Liman Abaji gaba ɗaya. Kafin a ɗaura aure maganar ta riga ta zama sunana. A wurin suna ko walima, in an zo raba abinci sai ka ji wani ya ce a tsallake wancan, shi sai tuwon gida. Ina zaune ina kallo shinkafa da nama su wuce ta gaban hancina, ni kuma in gyara zama in yi fuskar waliyyi.

Da na ga ba mafita sai na fara jin daɗin sunan. Har na ƙara masa da nawa. A majalisarmu ta gindin mangwaro, in an kira mai fura, ni ne ke tsokanar masu sha, ina cewa namiji da gemunsa ya zauna yana kurɓar abincin maraƙi.

Bayan an ba mu jiha, Abuja kuma ta cika ta fara tumbatsa wajenmu, sai na zama dillalin filaye. Ma'aikatan da kuɗin haya ya kore su daga can su ne abokan cinikina. Nakan ɗauke su mu shiga daji ta hanyar Panda, in nuna musu fako da ƙaya in ce nan za a yi kasuwa, can kuma asibiti, kuma daga nan zuwa ofishinsu minti ashirin ne. Ban taɓa gaya musu sai in kowa ya bar musu titin ba.

A wannan dajin akwai wata ruga, mai ita wani Bafulatani ne sa'ana, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Ranar da muka fara haɗuwa na sha rana har harshena ya bushe. Bai tambaye ni komai ba, ya tsuguna gindin wata jar saniya, ya tatso madara a ƙwarya ya miƙo mini, da ɗuminta da kumfarta. Na riƙe ƙwaryar na zauna shari'a a cikin kaina. Alkawarin da na yi a kan abin da hannun mace ya dafa ne. Wannan namiji ne ya tatsa, ba a dafa ba, saniya kuma ba ta da hannu. Ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, ni ne shaida, don haka na ci shari'ar nan take, na kafa kai.

Shekaru na yi ina wannan. Har abokina ya ware mini ƙwaryata daban, ya ƙona mata alama a baki, yana rataye ta a jikin bukka. Daga baya ma na mayar da abin dabarar ciniki. In na ga mai saye yana jan ƙafa, sai in kai shi rugar a tatso masa, in ce ga abin da zai riƙa sha kullum da safe in ya gina gida a nan. Mutumin Abuja in ya ga kumfa a gashin bakinsa, ya gama saye.

Wata damina zazzaɓi ya kama ni, irin wanda ban taɓa gani ba. Da safe in tashi garau, da la'asar ya dawo kamar mai sallama, in yi ta zufa har riga ta jiƙe. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suka ƙi ni, sallah ma sai a zaune. Mai kemis ya ba ni maganin zazzaɓin sauro har sau uku, da ya gaji ya ce taifod ne, da wannan ma ya ƙi sai ya ce in je asibiti kada in mutu a kan bencinsa. A asibiti na tarar ba ni kaɗai ba ne. Ga telan bakin layinmu, ga wani malamin firamare, ga wasu da na sani daga Jigwada, kowa na riƙe da ƙugu. Likita ya ga abin ya yi yawa kuma iri ɗaya ne, ya ɗebi jininmu ya aika wani wurin gwaji mai nisa, ya kuma sanar da ofishin lafiya.

Wadda aka turo bincike wata mata ce Bamadiya daga wajen Akwanga, da ƙaramin gicciye a wuya da babbar jaka a kafaɗa. Hausarta tana da ɗan karkace, in ta maƙale sai ta cike da Turanci, amma kunnenta ba ya zubar da komai. Aikinta shi ne ta bi gida gida tana tambayar abin da mutum ya ci da abin da ya sha. Ba marasa lafiya kaɗai ba, har maƙwabtansu masu lafiya, wai don ta ga me waɗannan suka ci da waɗancan ba su ci ba. Na gaya wa 'yan majalisa wannan gulma ce da albashi, in da na yi karatu ni za a ba.

Ta same ni a tsakar gida a kan tabarma, matata na gefe tana tace kunu. Kunun zaƙi take yi da na aya, tana kaiwa bakin sakatariya da tasha a cikin kula, tun lokacin da ma'aikata suka yi yawa a garin. Sana'arta ce ta kanta, kuma tana ji da ita. Ruwan ma sai ta tafasa shi, gorunan kuwa wanki uku take musu.

Malamar ta tambaye ni ruwan da nake sha, na faɗa. Nama, na faɗa. Tsire, na ce a'a. Sai ta ɗaga biro ta ce, “Baba, kana shan nono?”

Kafin in buɗe baki matata ta yi dariya daga inda take. “Wannan? 'Yata, ai ko a gidan biki ba ya cin komai. Duk garin nan an san shi.”

A nan ne mai hankali zai yi gyaran murya ya ce akwai 'yar magana. Ni kuwa na dubi fuskar matata, na ga yadda take haske, sai na ƙara gishiri. Na ce ko warin nono ba na so, in na hango masu ƙwarya canza hanya nake yi. Malamar ta bi ni da kindirmo, da fura, da man shanu, da madarar da aka tatso yanzu, ina ta girgiza kai kamar ana yi mini tayin giya. Ta rubuta duka, ta yi godiya, matata ta ba ta gorar kunu ta tafi da ita.

Bayan kwanaki ta dawo, wannan karon ba ta yi dariya da yawa ba. Ta ce sakamakon jini ya fito. Ciwo ne na dabbobi, makiyaya suna ce masa bakkale, yana sa shanu da awaki ɓari, mutum kuma yana ɗaukarsa in ya sha madarar da ba a tafasa ba, ko ya kama haihuwar dabba da hannu. Sai ta shimfiɗa wata takarda a kan tabarmata mai layi biyu. A layin farko ta jera masu shan nono, duk marasa lafiyar suna ciki, ban da mutum ɗaya. A layi na biyu ta jera masu shan kunun matata, a nan kuwa kowa yana ciki, har da mutum ɗayan.

Ban yi karatu ba, amma na gane kaina a takardar nan.

Ta ce ita kanta ba ta yarda kunun ne ba, don masu lafiya da yawa ma suna shan sa. Amma ba za ta iya rufe ido ba, tun da ga ni, ban taɓa nono ba kuma ciwon ya kama ni. Ko dai Mama tana ɗan zuba madara a kunun, ko kuma daga awakinta ne da ke bayan ɗaki. Matata ta rantse ba ta taɓa sa ko ɗigo ba. Malamar ta yi maganar a hankali, sai dai katangarmu gajera ce, maƙwabciyarmu kuma tana da shanya a daidai lokacin, shanyar da ta ɗauke ta wajen awa guda.

Washegari kula ta fita cike ta dawo cike. Jibi ma haka. Labarin da ya isa sakatariya ba shi ne wanda aka faɗa a tsakar gidana ba. Can cewa aka yi likitoci sun gano kunun matar dillali ne ke karya ƙugun maza. Masinjojin da ke saye goma goma su kai ofis suka koma wajen wata mai zoɓo. Matata ba ta yi kuka ba, kuma ba ta daina yin kunun ba. Kullum da asuba za ta niƙa, ta tace, ta ɗaura mayafi ta fita, ta zauna a wurinta har azahar, ta dawo. Ta ce in ta daina fita, ta amsa laifin ke nan.

Kunun da ya dawo mu ke shanye shi. Da safe kunu, da rana kunu, in na yi tari a miƙo mini kunu. Kowace gora na ɗaga sai in ce yau zan faɗa, in na sauke sai in ce gobe ta fi. Maimakon in faɗi gaskiya sai na shiga taya bincike. Na je har ofis na sami malamar na ce na tuna, akwai ranar da na gaisa da wani da ya sha fura bai wanke hannu ba. Ta rubuta. Na koma na ce wataƙila iska ce, don akwai masu nono a kusa da inda nake jiran mota. Ta rubuta wannan ma, fuskarta ko motsi. Ta ce in na ƙara tuna wani abu ƙofarta a buɗe take, ko da abin da ya fi iska nauyi ne.

Aka turo likitan dabbobi ya ɗebi jinin awakin. Don in nuna ni maigida ne mai haɗin kai, na ce ni zan riƙe bunsurun. Da ciwon bayana da komai na kama ƙahonsa. Allura na shiga ya tashi da ni, ya ja ni ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya ajiye ni a kwata, ya tsaya a kaina yana atishawa. Awakin duka suka fito lafiya lau. A gidan nan ni kaɗai ne dabbar da ke da ciwon.

A sati na uku malamar ta sake sallama. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ce an sami wani sabon mara lafiya. Ma'aikaci ne a Abuja, bai taɓa shiga unguwarmu ba, bai san kunun Mama ba. Da aka tambaye shi ya ce wata biyu da suka wuce ya zo duba fili, wani dillali ya kai shi ruga aka tatso masa madara. Bai riƙe sunan dillalin ba. Ya dai ce gajere ne, mai wushirya, mai jar hula, kuma tun da suka shiga daji har suka fito bai rufe baki ba.

Ta ɗaga ido ta dubi hulata. Na ce dillalai suna da yawa a Keffi, jar hula kuma a kasuwa ake sayar da ita. Na faɗi haka ne leɓena a rufe, saboda wushiryar.

Ta ce haka ne. Tun da na san dajin, ko zan taimaka in raka su su nemo rugar? Na fara cewa gwiwata, sai na ga matata ta fito daga ɗaki ta riga ta yafa mayafi. Ta ce sunanta ne ya ɓaci, don haka da ita za a je ta ga inda ciwon ya fito da idonta.

A motar ofis na yi iya ƙoƙarina. Inda ya kamata a yi dama na ce hagu, inda hanya take na ce gada ta karye, alhali babu ko rafi a wajen. Direban ya gaji da ni ya bi sawun shanu kawai. Muna tsayawa karnukan rugar suka taso da haushi, kowa ya maƙale a mota. Da na sauko sai suka yi shiru, suka zo suna kaɗa wutsiya, babban cikinsu har ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjina. Na ce wa malamar haka Allah ya yi ni, dabbobi na so na.

Abokina ya fito daga bayan garke da sandarsa, yana ganina ya washe baki.

“A'a, mutumina. Kwana biyu, har mun ce ko ka mutu. Ƙwaryarka na nan, ba wanda ya taɓa.”

Ya je ya ciro ta daga jikin bukka ya hure ƙurar. Sannan ya dubi matata da ladabi ya tambaye ni ko Hajiya ma fili ta zo saye, a tatso mata.

Matata ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaryar, ta juya ta, ta dubi alamar da ke bakinta, ta shafa inda ya yi santsi saboda yawan sha. Ta mayar masa ta ce ta gode, ta ƙoshi.

Daga nan abin ya daina zama na dariya na ɗan lokaci. Abokina ya gaya wa likitan dabbobin da ya biyo mu cewa shanunsa da dama sun yi ɓari a daminar nan, wasu gwiwarsu ta kumbura, matarsa ma tana kwance da irin zazzaɓina. Matan rugar su ne ke kai nono cikin gari. Malamar ta tambaye su ko suna tafasa madarar kafin su kwantar da ita. Suka ce da can kullum suna yi. Yanzu masu saye sun yi yawa, dajin da suke yin itace kuma duk ya zama filaye, ko ina ka juya dutsen shaida ne da lamba a jiki, in ka sari reshe a ce ka shiga gonar wani. Saboda haka wata rana a tafasa, wata rana a kwantar haka nan. Kowa ya juya ya dubi duwatsun. Rabin su ni na tsaya aka kafa.

Malamar ba ta yi musu faɗa ba. Ta tsuguna da su a gindin murhu ta nuna musu yadda za su bar madara ta tafaso ta taso kafin su sauke, ta ce a kawo mara lafiyar asibiti gobe. Likitan ya ɗebi jinin shanun, ya ce a ware waɗanda suka yi ɓari, kada a tatse su don sha. Jar saniyata tana cikinsu. Abokina ya tsaya yana kallon garkensa, na kuma san ba ƙaramin abu aka ce ya yi ba.

Muka kama hanyar dawowa. Sai da muka hango rufin kwanon gari malamar ta juyo daga gaba.

“Baba, takardata da biro zan gyara ta. Ta Mama fa, da me za ka gyara?”

Washegari ni na ɗauki kula a ka, da ciwon baya da komai, matata na biye da ni da kujerarta. Na tsaya a bakin sakatariya ina tare mutane ɗaya ɗaya, wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba, ina gaya musu kunun nan ba shi da laifi, ni ne na yi shekaru ina shan ɗanyar madara a ɓoye na ce ban sha ba. Wani masinja ya sa na maimaita sau uku, yana kiran abokansa su zo su ji. Ranar Juma'a bayan an sauko na faɗa a majalisa. Telan nan, wanda na fi kowa tsokana a kan fura, sai ya tashi da ƙyar ya tsinko ɗanyar ciyawa ya ajiye a gabana. Har yau in na zo wucewa akwai masu yi mini kukan saniya, kuma jikokinsu ma sun koya.

Malamar ta zo da kanta a ranar kasuwa, da rigar aikinta, ta sayi gora biyu ta shanye ɗaya a tsaye a gaban kowa. Wannan ya fi duk surutuna aiki. A hankali masu saye suka dawo, amma ba duka ba. Wasu sun saba da zoɓo, sun tafi ke nan. Ni kuma aka ɗora ni a kan magani na sati shida, ƙwayoyi da allura, ma'aikacin da ke yi mini allurar kuwa kullum sai ya tambaye ni ko in kawo masa ɗayan cinyar ko in yi masa kukan maraƙi tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne matata ba ta ce mini komai ba. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshi, har shari'ar nan ta saniya ba ta da hannu na sake gyara ta don in gabatar. Ba ta ba ni dama ba. Tuwona yana zuwa a kan lokaci, ruwan wankana da zafinsa, maganina ma ita ke tuna mini. Kwana goma muna haka, ina bin ta da ido kamar wanda ke jiran a kira sunansa a kotu.

Wata safiya ina zaune a kan turmi, ita tana durƙushe tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar kunu. Itacen ɗanye ne, ruwan sama ya taɓa shi, hayaƙi ya cika tsakar gidan, idanunta sun yi ja suna hawaye. Ba ta ko juyo ba ta yi mini magana.

“Malam, da tun farko ka gaya mini ɗanye kake so, ai da ban yi shekara talatin ina shan hayaƙi ba.”